Ishaya Ya Zama Mushe

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da bakin mutane ba. A ofishin malamai tambaya, a majalisar gindin darbejiya tambaya, har mai shayin bakin kasuwa sai ya riƙe min kofi ya ce in fara ba shi labari tukuna. Na faɗa har muryata ta dushe, kuma na lura duk wanda ya ji sai ya ƙara nasa gishirin kafin ya kai gaba. Jiya na ji wai raƙumi ne ya kore ni har cikin masallaci. To ga shi na rubuta yadda abin ya kasance, wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda.

Ga wanda bai san mu ba, sunana Sabi'u, malamin firamare ne ni a wani ƙauye kusa da dam ɗin Watari. Gabas da ƙauyenmu akwai 'yar unguwar Hausawa Kirista da cocinsu mai rufin kwano. Gonarmu da ta gidan su Ishaya kunya ɗaya ce ta raba su. Ina ɗan shekara huɗu mahaifiyata ta yi doguwar jinya, uwarsa Inna Saratu ce ta riƙe ni, ni da shi kwano ɗaya muke ci. Tare muka shiga firamare, inda ya sha dukan malamai saboda bahago ne, komai da hagu yake yi, kuma dukan bai canza shi ba. Da muka girma na kama alli, shi ya tafi makarantar Baibul. Shekara uku da suka wuce cocinsu ta tura shi aikin bishara wani ƙauye arewa da Maraɗi, shi da matarsa Rifkatu da 'yarsu Hannatu. Addini kowa da nasa, ba mu taɓa zama musu a kansa ba. Musunmu kullum a kan wanda ya fi iya huɗa ne, kuma ni ne.

Duk Lahadi da yamma Ishaya yakan kira uwarsa. Sai kira ya ɗauke. Mako ɗaya, biyu, har wata biyu, wayarsa a kashe. Muna ta lallaɓa Inna da cewa matsalar sabis ce, sai ranar wata Laraba Ɗanjuma direba, mai kai hatsi kasuwar Dawanau, ya same ni a bakin makaranta fuskarsa ba daɗi.

"Malam, wani mutumin Nijar mai wake ne ya tare ni a kasuwa. Ya ce daga wajen Watari nake? Na ce e. Ya ce in gaya wa tsohuwar Ishaya, ɗanta ya zama mushe."

"Ya zama me?"

"Mushe. Wallahi haka ya ce. Wai wata biyu ke nan. Wai duk gari aka taru, mai gari da kansa ya tsaya a kai."

"Matarsa fa?"

"Ya ce tana nan tana ta fama."

"Kuma ba ka ƙara tambayarsa komai ba?"

"Ana lodi, Malam. Ni kuma bakina ya mutu. Kafin in dawo hayyacina motarsu ta tashi."

Kowa ya san mushe, dabbar da ta mutu ba a yanka ba. Kuma mun san akwai marasa tarbiyya da idan wanda ba Musulmi ba ya rasu, da wannan kalmar suke faɗa. Don haka abu biyu muka ji a lokaci guda, rasuwa da cin mutunci. Maganar taruwar gari kuwa ba wanda ya yarda ya fassara ta da baki, amma kowa ya fassara ta a zuci.

Kafin mu shirya yadda za a gaya wa Inna, labari ya riga mu shiga gidanta. Fastonsu ya kira ofishin da ya tura Ishaya, suka ce su ma ba su ji daga gare shi ba, za su aika mutum ƙarshen wata. Inna ta ce ba za a yi zaman makoki ba, ba za a yi waƙa ko ɗaya ba, sai wani ya ga kabari da idonsa. Daga nan ta rufe bakinta ga abinci. Ruwa kawai take sha. Mace ce da ta haura saba'in, ga yanar ido ta kusa rufe mata gani, kwana uku sai ga ta ta koma kamar karan dawa.

Rana ta huɗu ta aiko a kira ni. Na tarar ta sa an ja mata sanda har gona ta dawo. Ta miƙo min wani ƙulli a tsohon ɗankwali, mai nauyi.

"Ƙasar gonar ubansa ce. Idan ka ga kabarin ka zuba masa a kai, kada ya kwanta cikin ƙasar da ba ta san shi ba. Ka taho min da Rifkatu da yarinyar."

"Inna, zan je. Amma ki ci abinci."

"Je ka dawo tukuna, Sabi'u."

Na san ta. Idan ta ce haka, ko gwamna ne ya zo da cokali ba za ta buɗe baki ba. Fasto ya raka ni ƙofar gida ya ce gara ma ni ɗin in je, don idan rigimar addini ce ta faru, Musulmi zai fi shiga ya fita lafiya. Ya ƙara da cewa kada in gaya wa kowa a hanya abin da ke tafe da ni. Wannan shawarar tasa mai kyau ce, kuma ita ce ta ƙara min wahalar kwana biyu.

An yi hutun makaranta, bazara ta kankama. Matata Hajara ta haɗa min ƙuli-ƙuli da yaji, ta ƙulla daddawa da garin kuka ta ce in kai wa Rifkatu, mai takaba ba ta rasa buƙatar miya. Na sa farar shaddata da takalmin sau-ciki da nake ajiya don ɗaurin aure da ta'aziyya. Daga Bichi na shiga motar Katsina, daga Katsina zuwa Jibiya aka cusa mu huɗu a gaba, giyar mota tana tsakanin gwiwoyina. Duk sanda direba zai canza giya sai ya ce, "Malam, ɗaga." Haka muka yi ta ɗagawa har bakin iyaka.

A ɓangarenmu an duba katina aka ce in wuce. A ɓangarensu wani jami'i dogo, baƙi, mai fara'a, ya karɓi katin ya dube ni sama da ƙasa.

"Mi aikinka?"

"Malamin makaranta ne."

Sai fuskarsa ta washe. Ya juya wajen abokin aikinsa ya ce da ƙarfi, "A'a, mushe ne! Ku ba mushe kujera."

Jama'a, ban san sanda jinina ya hau ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, da raina da lafiyata?"

Ya yi dariya ya ce, "Lahiya lau, mushe. Zamna mana."

Na zauna ina huci. Na ce a raina lallai mutanen nan bakinsu ba linzami, wanda ke numfashi ma haka suke ce masa, ina ga wanda ya kwanta dama. Shekara goma sha tara ina gaya wa yara cewa idan ba su gane kalma ba su ɗaga hannu su tambaya. Ni ban ɗaga ba. Na riga na san ma'anarta, me zan tambaya?

Sai aka zo binciken jaka. Ya wuce ƙuli-ƙuli, ya shinshina daddawa ya kawar da kai, sannan ya ɗago ƙullin Inna ya kwance.

"Wanga fa?"

"Ƙasa ce."

Ya dube ni, ya dubi filin da ke bayansa, rairayi har inda ido ya tsaya. "Mu nan ƙasa ta yi muna kaɗan ne, har ake kawo muna gudummawa?"

Suka taru a kanta su uku. Wani ya ɗanɗana, wani ya ɗebi kaɗan ya zuba ruwa a tafin hannu yana neman ƙyallin zinariya. Abin da suka samu shi ne ɓawon gyaɗa ɗaya da kashin akuya. Na ce tsohuwa ce ta ba ni in kai wa ɗanta. Jin haka dogon nan ya daina dariya, ya sa wancan ya mayar da abin da ya ɗiba, ya ɗaure ƙullin da hannunsa ya miƙo min.

"Abin tsohuwa ba a wasa da shi. Allah shi kiyaye hanya, mushe."

Ban amsa amin ba, kuma har yau ina jin kunyar hakan.

Mun shiga Maraɗi bayan la'asar. A tasha aka ce motar ƙauyen da nake nema sai da safe, ranar kasuwarsu. Ina tsaye da jaka ban san gabas ba, sai wani dattijo da muka taho tare, Alhaji Isufu, tela ne, ya ce baƙo ba ya kwana a tasha yana gari. Ya kai ni gidansa ya shimfiɗa min tabarma a zaure. Ya tambayi sana'ata. Na ce manomi ne. Na gaji da zagi.

A gidansa na fara ganin cewa Hausar tamu ɗaya ce amma ba ɗaya ba. Na ce kaina na ciwo, ya ce ko mu tafi likita. Na ce likitan a ina yake zaune? Ashe asibitin ne gaba ɗayansa suke kira likita. Makaranta kuwa lakwal. Burodinsu dogo ne siriri, mai tauri, a hammata ake riƙe shi kamar sanda. Aka dafa shayi a 'yar buta aka zuba min a wani ɗan kofin gilashi da bai fi kurɓa biyu ba, ɗaci kamar maɗaci. Na shanye don kunya, na yi godiya na miƙe. Alhaji ya kama gefen rigata ya ce ina zuwa? Wai sau uku ake sha, tashi a na farko raini ne. Na biyun ya fi sauƙi, na ukun kuwa zuma. Ka ga duk wannan, na koyi likita, na koyi lakwal, amma ko sau ɗaya bai zo min a rai in tambayi waccan kalmar ba.

Kafin magariba na ari wayarsa na kira Hajara, don layina ya mutu tun daga iyaka. Ta ce Inna ta faɗi a hanyar banɗaki, sai ɗaukarta aka yi. An dama kunu ta ƙi. Na ajiye wayar na kasa cin tuwon da aka kawo, ni da ban taɓa mayar da kwano da saura ba.

Da safe aka ɗora mu a bayan wata a-kori-kura, a saman buhuna, ƙafafu na lilo, kowa ya riƙe sandar da aka soke a gefe. Ba mu yi nisa ba kwalta ta ƙare. Sau uku muna kafewa a rairayi, sau uku ana cewa maza su sauka su tura. A turi na biyu takalmina na dama ya nutse, na tona har gwiwar hannu ban gan shi ba, direba kuma ya ce ba zai tsaya wa takalmi ba. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta tausaya min ta ba ni cuku, wato busasshen nono da suke yi fale-fale. Na gatsa da ƙarfina, haƙorina na gaba ya amsa. Motar duka ta kwashe da dariya. Ashe jiƙa shi ake yi.

Rana ta take tsaka muka sauka. Ƙauye ne ƙarami, gidajen ƙasa da rumbuna. A bakin gari akwai rijiya mai zurfin da ban taɓa gani ba, jakuna biyu ke jan igiyar, sai sun yi tafiya mai nisa kafin guga ya leƙo. Na ɗingisa wajen matan da ke wurin, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya da safa.

"Sannunku da aiki. Don Allah ina tambayar wani baƙo ɗan Najeriya, Ishaya."

Wata mai tulu ta ce, "Mushe?"

Na ce, "E, shi. Ina aka kai shi?"

"Bayan gari, can gindin aduwa. Nan mai gari ya ba shi wuri."

"Matarsa fa?"

"Yanzu ta wuce kai mishi ruwa."

Na ce Allah sarki Rifkatu, wata biyu tana yayyafa wa kabari ruwa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda matar ta faɗa tana murmushi. Na bi hanyar da ta nuna. Na ciro ƙullin Inna na rungume, kuma ba zan ɓoye muku ba, kuka nake yi sosai, da majina. Ina tuna kwanon da muka ci tare, ina tunanin da wane baki zan koma wa tsohuwar nan.

Da na doshi aduwar sai na ji muryoyin yara suna maimaita wani abu tare. Na ga rumfar kara, na ga baƙin allo an ɗaure a jikin bishiya. Wani mutum ya ba ni baya yana rubutu, ramamme, cikin rigar da ta koɗe. Da hannun hagu yake rubutun.

Yaran suka gan ni suka miƙe gaba ɗaya, hannu a ƙirji, suka rera gaisuwa, "Bonjur, mushe!"

Mutumin ya juyo. Alli ya faɗi daga hannunsa, ni kuma na zauna daɓas a rairayi.

"Sabi'u? Me ya kawo ka? Inna ce? Inna ta rasu?"

"Inna na nan," na ce da ƙyar. "Kai ne ka rasu."

Sai da Rifkatu ta ajiye tulu ta ba ni ruwa na sha, sannan aka warware zancen. Mushe a bakinsu malamin boko ne. Kalmar Faransanci ce ta girmamawa, harshen Bahaushe ya lanƙwasa ta. Malamin da aka turo ƙauyen ya tafi bai dawo ba, yara suka zauna haka nan, sai mai gari ya tara jama'a aka roƙi Ishaya ya riƙe ajin tunda ya iya karatu. Taruwar garin ke nan. Wayarsu ɗaya tak, ta suɓuce daga aljihunsa cikin rijiyar nan, da duk lambobin da ke cikinta, kuma ko ta uwarsa bai haddace ba. Shi ne ya ba mai wake saƙo mai tsawo: suna lafiya, waya ta faɗa rijiya, ya sami girma a gari. Mai wake ya zaɓi abin da ya fi daɗi a ganinsa ya isar. Ashe albishir ya aiko mana.

Mun yi dariya har na riƙe ciki, yara na kallonmu. Amma da na ce yau kwana shida Inna ba ta ci abinci ba, dariyar Ishaya ta tsaya cak. Ya sallami aji, ya aro wayar mai gari, muka kama hanyar wani tudu mai nisa, don nan kaɗai sabis ke sauka. Ni na haddace lambar matata, a rubuta wannan. Hajara ta ruga gidan Inna ta kara mata wayar a kunne. Muryar na zuwa tana ɗaukewa, Ishaya na ta ihu, "Inna, ni ne! Ni ne Ishaya!" Can Inna ta ce a ba ta Sabi'u.

"Sabi'u, na san ka da wayo tun kana ƙarami. Ka samo mai irin muryarsa don in ci abinci."

"Inna, wallahi shi ne."

"To ka dawo min da ƙullina. Idan akwai kabari na san ba za ka dawo da shi ba."

Da ƙyar Hajara ta shawo kanta ta yarda da kunu, kunu kaɗai. Mota kuma ba ta sake fita sai ranar kasuwa mai zuwa, bayan mako guda. Haka na zauna, rabin hankalina a gida, na ga irin zaman da suke yi.

Ɗaki ɗaya ne da rumfa. Da na miƙa wa Rifkatu daddawar Hajara, ta shinshina sai hawaye, ta ce rabonta da miyar kuka ta gaske tun bara. Ban gaya mata cewa ta takaba ce ba, sai yanzu za ta gani a rubuce. Da azahar aka kawo fura cikin ƙwarya, na sha na gyara zama ina jiran abinci. Hannatu, wadda yanzu shekararta takwas kuma Hausarta ta koma irin tasu, ta ce, "Baba Sabi'u, ai hurar ita ce abincin." Da yamma Ishaya ya kamo zakaransu ɗaya tilo ya miƙo min wuƙa.

"Yanka da kanka, Malam. Kada ka koma gida ka ce mun ba ka mushe."

Lokacin salla kuwa kafin in tambaya Rifkatu ta ajiye min buta da sabuwar tabarma, Hannatu ta nuna min gabas.

Rifkatu ce ta ba ni labarin shekarar farko, tana tankaɗe. Ta ce in ta yi sallama a rijiya ba mai amsawa, in ta taɓa guga sai a ɗauraye. Ba wanda ya zage su, ba wanda ya kore su, kawai an bar su ne kamar ba sa nan, kuma ta ce wannan ya fi zagi ciwo. Da zazzaɓi ya kama Hannatu har tana sanƙarewa, a amalanken jaki suka yi rabin yini kafin su kai likita. Wanda ya ba su aron amalanken maƙwabcinsu ne da bai taɓa gaishe su ba. Daga ranar matarsa ta fara aiko da nono.

Ranar Lahadi na zauna daga nesa a inuwa ina jin su. Cocin rumfa ce, masu ibada bakwai, uku daga ciki su ne da kansu. Akwai wani tsoho makaho da Ishaya ya ce shi waƙar kawai yake zuwa ji, kuma ya faɗa musu hakan tun farko. A lakwal kuwa mai gari ya gindaya sharaɗi, karatu kawai, ban da wa'azi, Ishaya ya karɓa kuma yana kiyayewa. A Faransancin da yake koyarwa, da shafi ɗaya kawai ya fi yaran, Hannatu ke gyara masa furuci a gida. Ranar Litinin na karɓi alli na yi musu lissafi, don in nuna masa yadda ƙwararru ke yi. Na ce huɗu sau huɗu, suka dube ni shiru, ashe da Faransanci suka san lambobin aji. Shi ya fassara.

Na tambaye shi a gaban matarsa, shekara uku, mutum bakwai, ba zai dawo gida ba? Rifkatu ta riga shi. Ta ce ita da za a ce gobe, kayanta a ɗaure suke. Tana faɗa tana zuba ruwan wanke-wanke a gindin zogalen da ta dasa ta kewaye da ƙaya. Ishaya ya ce akwai ranakun da shi ma yakan tambayi kansa. "Amma yanzu in na tafi, wa zai riƙe ajin?" Na gane, ni ma malami ne.

Mai gari ya zo gaishe ni, ya yi mamakin Musulmi ya taso tun daga Kano saboda Kirista. Ya ce ɗan'uwana ne? Na ce kwano ɗaya muka ci. Ya ce to ai shi ke nan. Da ya ji labarin saƙon, ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, ya aiko min da takalmin fata irin nasu.

Ranar tafiya da safe na ba Ishaya ƙullin. Ya kwance, ya ɗebi ƙasar ya shinshina, ya juya ɓawon gyaɗar nan a tafin hannunsa. Rifkatu ta ce a bar mata kaɗan ta zuba wa zogale. Ya ce ko ƙwaya ɗaya. Ya tattara bakin ɗankwalin ya ɗaure tamau.

"Ka mayar mata. Ka ce da ƙafata zan zo in taka ta, in an yi hutun damina."

Na rubuta masa lambobin gida a bangon ɗaki da gawayi, inda ba za su faɗa rijiya ba.

Dawowa ba ta da labari, sai dai a iyaka na sake samun dogon jami'in nan. Ya ce, "Mushe, ka dawo da ƙasarka?" Na ce na dawo da ita, na kama hannunsa da hannu biyu na ce ya yafe min. Bai san laifin da na yi masa ba, amma ya ce ya yafe.

Ban biya gidana ba, kai tsaye na wuce wajen Inna. Tana kwance a tabarma, mata sun kewaye ta, ta ƙara ƙanƙancewa har na tsorata. Na nuna mata hotunan da na ɗauka a waya, ta ce ita ba ta ganin komai sai haske. Ta miƙo hannu. Na ɗora mata ƙullin.

Ta auna nauyinsa. Sannan yatsunta suka hau kan ɗaurin suka tsaya.

"Wannan ba ɗaurina ba ne."

Na buɗe baki zan yi bayani, ta ɗaga min hannu. Ta sake shafawa a hankali, ta bi bakin ɗankwalin inda ya juya ta baya, ta bi ta sake bi.

"Ɗaurin bahago ne," ta ce. "Shekara arba'in ina nuna wa yaron nan, har yau bai iya ba."

Ɗakin ya kaure, masu kuka na yi, masu waƙa suka ɗauki waƙar da ta hana su tun ranar da saƙon ya zo. Ita kuwa ba ta kwance ƙullin ba. Ta tura shi ƙarƙashin matashinta, ta ce a tayar da ita zaune. Na ba ta labarin kalmar tun daga Dawanau har gindin aduwa, tana saurare tana girgiza kai.

"Akwai tuwo a gidan nan?" ta ce. "A sa man shanu."

Aka kawo. Ta wanke hannu, ta gutsura, sannan ta turo kwanon tsakaninmu.

"Matso mu ci, Mushe."